Tsaron kajin gida: toshe hanyar ɓarna da shigar da baƙin kaji cikin garke

Kajin gida ta ƙofa biyu suka fi salwanta. Ta farko ita ce kafar da aka bari a akurki, wadda tunku ko gafiya ko maciji zai bi cikin dare. Ta biyu kuwa mai kajin ne da kansa yake buɗe ta, ranar da ya dawo daga kasuwa da kaza a rataye ya sake ta a tsakar gida. Kusan kayan aiki ɗaya ne ke rufe duka biyun: raga mai ƙananan idanu, da keji guda na daban da za a riƙa ajiyewa ko babu kowa a ciki.

Fara gane wanda ya yi ɓarnar

Kafin a kashe kuɗi a kan waya da katako, a tsaya a duba abin da aka tarar da safe, domin kowace dabba da irin sawun da take bari.

Idan 'yan tsaki ne ke raguwa ɗai-ɗai da rana, babu jini babu gawa, shirwa ce ko shaho, wani lokacin hankaka. Idan an wayi gari da kaji uku ko biyar a mace cikin akurki, da cizo a wuya ko a ƙeya, an ci kai an bar gangar jiki, wannan aikin tunku ne ko bodari. Su idan suka samu shiga, ba sa tsayawa a kan guda. Kare yakan kashe da yawa ya watsar a tsakar gida, gashi ko'ina, kuma sau da yawa ba ya ci, gudun da kajin ke yi ne ke zuga shi. Muzuru yakan ɗauki ɗan tsako ko matashiyar kaza ya koma wani lungu, a tarar da fuka-fukai da ƙafafu a bayan rumbu. Ɓera da gafiya suna jan 'yan tsaki daga ƙarƙashin uwa da dare, suna gatsa yatsun waɗanda suka ɗan tasa, kuma za a ga kashinsu kusa da buhun dusa.

Ƙwai ma yana da nasa labarin. Wanda ya ɓace ɗungurungum babu ɓawo, maciji ne ko guza. Idan kuma an ga ɓawo a fashe da danshi a gurbi, a duba bakin kajin, domin wata tana iya koyon shan ƙwai, kuma za a ga gwaiduwa a bakinta. Kazar da aka tarar a mace, kanta da wuyanta sun jiƙe da yauƙi, maciji ne ya gwada haɗiyewa ta fi ƙarfinsa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta barin gashi ko ɗaya, kuma babban zakara take zaɓa, galibi dab da salla. Wannan maganinsa kwaɗo ne.

Akurkin dare

Kaza ba ta gani sosai a duhu, kuma idan ta kwanta sai a ɗauke ta da hannu ba ta ko motsa ba. Shi ya sa mafi munin asara cikin dare take faruwa, kuma nan ya kamata kuɗi ya tafi.

Babban kuskuren da ake yi shi ne dogara da wayar kaji, wannan siririyar mai idanu kamar saƙar zuma. An yi ta ne don ta tsare kaza a ciki, ba don ta hana wani shiga ba. Kare yana yaga ta da haƙori, ɓera yana ratsawa ta idonta, kuma bayan damina biyu ko uku tsatsa ta cinye ƙasanta. Abin da ake so shi ne raga mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ido murabba'i na rabin inci. Ta fi tsada. Idan kuɗi bai kai a zagaye akurkin duka da ita ba, a sa ta daga ƙasa zuwa tsayin ƙafa uku da kuma kan tagogi, sama a ƙarasa da wayar kaji. Wajen kafawa kada a tsaya ga lanƙwasa ƙusa a kan wayar. A ɗora siririn katako a kan bakin ragar a buga ƙusa ta cikinsa, tazarar inci shida tsakanin ƙusa da ƙusa, ta yadda ko an ja ba za ta ɓalle ba.

Gwajin kafa mai sauƙi ne: duk inda babban yatsan hannu ya shige, ƙaramin ɓera zai shige, maciji ma haka. Wuraren da aka fi mantawa su ne tsakanin kwanon rufi da bango, inda tudu da kwarin kwanon ke barin ramuka a jere, sai ƙarƙashin ƙofa, sai ramin da aka bari don ruwan wanki ya fita. A shiga akurkin da rana a rufe ƙofa. Duk inda haske ya ratso, a duba shi. Ramukan bakin kwano a cika su da siminti, ko a cusa guntun raga a danne da katako. Amma kada a toshe iska gaba ɗaya, domin zafin bazara a rufaffen akurki yana kashe kaji fiye da tunku. A bar tagogi manya a sama, gaba da baya, a rufe su da raga, lokacin hunturu a sauke buhu a gefen da iska ke bugowa.

Ƙasa kuma hanya uku ce. Mafi inganci daɓen siminti mai kaurin inci biyu zuwa uku, a zuba ɓuntun shinkafa ko garin katako a kai. Ta biyu, a ɗaga akurkin a kan ƙafafu, ƙafa biyu zuwa uku daga ƙasa, a naɗe kowace ƙafa da gwangwani ko guntun kwano mai santsi don kada ɓera ya hau. Akurkin da aka ɗaga inci huɗu kawai ya fi na ƙasa haɗari, domin an gina wa ɓera da maciji ɗaki ne a ƙarƙashi. Ta uku, idan ƙasa ce zalla, a shimfiɗa raga a kwance a wajen bango, faɗin ƙafa ɗaya da rabi, a haɗe ta da gindin bangon, a rufe da ƙasa ko duwatsu. Dabba mai tono a gindin bango take farawa, ta ci karo da waya, kuma ba ta da dabarar ja da baya ta fara daga nesa. Wannan ya fi haƙa rami a binne waya a tsaye sauƙi, musamman inda ƙasa ke da tauri.

Ƙofa ta zama mai sakata, ba dutse da aka jingina ba. A ciki a gicciya sandar kwana mai kaurin inci biyu, tsayin ƙafa biyu zuwa uku daga ƙasa, kowace kaza a ba ta wajen inci takwas zuwa goma. Faɗin ɗakin kuma, kowace kaza ta samu murabba'in ƙafa uku zuwa huɗu: kaji goma, ɗaki mai ƙafa shida da shida ya wadatar idan da rana suna fita.

Duk wannan aikin banza ne idan ba a rufe ƙofa a kan lokaci ba. Kaji suna shiga da kansu dab da magariba. A ƙirga su, a rufe, kullum, kuma a ɗora wa mutum guda wannan aikin, domin wanda aka bar wa kowa shi ne ake mantawa. Masu kwana a kan bishiya ko katanga, a kama su da dare a saka a akurki, a tsare su ciki kwana huɗu zuwa mako guda da abinci da ruwa. Daga nan da kansu za su riƙa komawa.

Rana da 'yan tsaki

Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, kuma gaskiya ne babbar kaza ba ta cika damuwa da ita ba. Makonni shida na farko su ne na haɗari. Kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, a sake ta yawo a bola da bayan gida, bayan wata guda a ga uku ne ke bin ta. Ba ƙaddara ba ce kawai, sakaci ne da za a iya gyarawa da keji guda.

A sa kafinta ya haɗa keji marar gindi, tsawo ƙafa shida, faɗi ƙafa uku, tsayi ƙafa biyu, raga ta ko'ina har sama, rabin saman a rufe da kwano ko buhu don inuwa. Uwa da 'ya'yanta su wuni a ciki, a riƙa jan kejin zuwa sabon wuri kowace safiya don su samu tono kuma kashi kada ya taru. Da dare a mai da su akurki. Babban kwando da aka kifa yana yin wannan aikin a kwanakin farko, in dai an danne shi da dutse. Ruwan shansu a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa biyu ba.

Wasu suna shafa wa 'yan tsaki shuɗin maganin nan na ciwo da ake kira jibi, ko wani rini, don shirwa ta kasa gane su. Ba ya cutar da su idan bai shiga ido ba, sai dai launin yana tafiya da zarar sabon gashi ya fito, kuma ba ya hana mage ko ɓera komai. Kada ya zama dalilin fasa keji.

Ga waɗanda suka tasa, abin da suke bukata shi ne wurin fakewa kusa. Shirwa fili take so, inda za ta sauko ta sura ta tashi ba tare da ta tsaya ba. Bayan girbi, lokacin da gonaki suka zama fili, ɓarnarta ta fi yawa. 'Yar rumfa mai tsayin gwiwa, ko tsohon kwano da aka ɗora a kan bulo huɗu, guda biyu ko uku a tsakar gida, sun isa. Ƙaramin fili kuma ana iya rufe samansa da tsohuwar ragar kamun kifi, ko a ja igiyoyi a giggicciye tazarar ƙafa ɗaya. Zakara nagari yana da amfani a nan: yana da kuka na musamman idan ya hango abu a sama, kuma kaji sun san shi, nan take za su ruga maɓoya. Zabi ma akwai su da kururuwa, ga wanda maƙwabtansa za su iya jurewa.

Ɓera ne ke jawo maciji

Maciji ba kasafai yake zuwa don kaza ba. Ɓera yake bi, ɓera kuma dusa yake bi. A zuba abinci a durom mai murfi, a ɗauke mazubin abinci da dare, a share abin da ya zube. A kwashe ƙwai sau biyu a rana. A nome ciyawa a kawar da tarin itace da bulo da tsofaffin tayoyi aƙalla taku biyar daga akurki, musamman da damina.

Maganin ɓera a gidan kaji ganganci ne. Kaji suna tsintar ƙwayar, suna kuma caccakar mushen ɓeran, magen gida ma ta ci ta mutu. A yi amfani da tarko, a sa shi cikin akwati mai ƙaramin rami a jikin bango, inda ɓera zai shiga kaza ba za ta iya zura kai ba.

Kada a zura hannu a gurbin ƙwai cikin duhu sai an haska. Gamsheƙa tana son ƙwai, kuma tana fesa dafi a ido daga nesa. Wanda ta fesa wa, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a ci gaba da wankewa, a tafi asibiti. A wuraren da ake fama da kwarkwasa da damina kuwa, a zagaye akurki da toka busasshiya, ko a tsoma ƙafafunsa a gwangwanaye masu baƙin mai, domin rundunarsu tana iya gamawa da 'yan tsaki da kaza mai kwanci a dare ɗaya.

Baƙuwar kaza: killacewa tukuna

Tunku zai kashe biyar. Kaza guda mai ɗauke da cutar Newcastle tana iya share garke duka cikin mako biyu, ta tsallaka maƙwabta. Cutar ta fi tashi lokacin hunturu, kuma kasuwa ce babbar hanyarta, saboda mutane da yawa da sun ga kajinsu sun fara mutuwa sai su kwashi sauran su kai kasuwa. Kazar da ta kamu tana iya yin kwana biyu har zuwa goma sha biyar ba ta nuna komai ba. Don haka kyan ido a wurin saye ba shaida ba ce. Murar tsuntsaye ma, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a jihar Kaduna cikin 2006, ta wannan hanyar take shiga gidaje.

Duk kazar da ta shigo, ta saye ce ko ta kyauta, har da taka da ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka dawo da ita, a killace ta mako uku zuwa huɗu. Kejin ya yi nisa da sauran gwargwadon yadda gidan ya bayar, taku goma ko fiye, kuma inda kajin gida ba za su zo su leƙa ta jikin raga ba. Mazubin abinci da na ruwa nata daban. A fara kula da na gida, baƙi su zo a ƙarshe, sannan a wanke hannu, a kuma ware takalmi guda don wurin.

A cikin waɗannan makonnin a riƙa dubawa. Ido da hanci su kasance a bushe. A saurare su da dare, lokacin da gida ya yi tsit, ko akwai minshari ko tari. A duba kashi: kore shar, ko fari mai ruwa, ko mai jini, duk alamar matsala ce. A buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya a nemi ƙwarƙwata da ƙwayayenta, a duba zanko da fuska ko akwai ƙuraje ko ƙuma a manne, a duba ƙafa ko ɓawonta ya tattashi. A ba su maganin tsutsar ciki, a yi musu na ƙwari. Wadda ta fara karkata wuya, ko sauke fuka-fuki, ko lumshe ido tana gyangyaɗi, ba za ta shiga garke ba. Idan ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefar a bola inda kare zai jawo ta. Idan mutuwar ta yi yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Makonnin killacewar nan ne kuma lokacin rigakafin Newcastle, ga baƙi da na gida duka, kuma masu lafiya kawai ake yi wa. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai kuma I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato take yi, wadda ta fi jure zafi kuma ana iya ɗiga ta a ido. Idan ta ruwa ce, a hana su sha awa ɗaya zuwa biyu da sassafe, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta, ba na famfo mai sinadarin kilorin ba domin yana kashe maganin, kuma su shanye cikin awa biyu a inuwa. Sai bayan mako ɗaya zuwa biyu take fara kare su, kuma ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu.

Haɗa su

Kaji sun san junansu, kuma kowace ta san wadda ta fi ta da wadda ta fi. Baƙuwa ta shigo, sai an sake wannan lissafin, da baki ake yin sa. Ba a hana shi gaba ɗaya, ragewa ake yi don kada ya kai ga jini.

Al'adar ɗaure baƙuwar kaza da tsumma a ƙafa a jikin turke, don ta saba da gida, tana hana ta ɓata, amma tana miƙa ta ga duk mai son cin zalinta, ga kare ga mage, babu hanyar gudu. Kejin 'yan tsakin nan ya fi. Bayan killacewa, a kawo shi tsakiyar inda kaji ke wuni, baƙin suna ciki, a bar su mako guda suna ganin juna ta raga. A riƙa watsa tsaba a bakin ragar ciki da waje, su saba cin abinci kusa da juna. Ranar farko za a ga ana tayar da gashin wuya ana kai sara ta waya. Zuwa kwana na biyar yawanci ba mai kula wani.

Daga nan a buɗe musu awa ɗaya kafin magariba, a fili mai faɗi, mutum yana tsaye. Lokacin an ƙoshi, hankali ya koma wurin kwana, faɗan ba ya tsawo. A yi haka kwana biyu ko uku ana ƙara lokaci. Sannan a ɗauke su cikin dare a ɗora a sandar kwana tare da sauran, a kuma yi sammakon buɗe ƙofa, domin mafi munin duka yana faruwa ne da asuba a rufaffen ɗaki inda babu wurin tserewa.

A ƙara mazubin abinci da na ruwa, a raba su nesa da juna yadda mai tsaron wannan ba za ta hango wancan ba. Baƙuwa tana iya mutuwa da yunwa da ƙishirwa ko babu rauni, tana raɓe a lungu ba wanda ya lura. Da dare a taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyanta: idan babu komai a ciki, ba ta samun ci. A jingina katako ko buhu a tsakar wurin don ta samu abin kewayawa, amma kowace maɓoya ta kasance da mafita biyu, in ba haka ba tarko ce.

Sara ɗaya a bi ta taku biyu a ƙyale, wannan ba komai, zai lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ba a bari shi ne a tare ta a lungu ana caccakar kai, ko jini ya fito. Kaji suna bin ja, da sun ga jini duka za su taru a kai. A cire ta, a wanke, a shafa jibi ya rufe jan, sai ta warke ta dawo. Idan kaza guda ce ke jagorantar zaluncin, ita za a ɗauke, ba baƙuwar ba. A kulle ta inda ba ta ganin sauran kwana uku zuwa biyar. Kafin ta dawo an riga an zauna ba da ita ba, sai ta shagala da neman matsayinta.

Kada a shigar da kaza ɗaya tilo idan da hali, biyu ko uku suna raba dukan. Kada a haɗa ƙanana da manya sai sun kusa kai su girma, wajen mako goma zuwa goma sha biyu, kuma idan abincin masu ƙwai ake ba manyan, a jira har mako goma sha shida, saboda sinadarin ƙarfafa ɓawon ƙwai da ke cikinsa yana lalata ƙodar ƙanana. 'Yan tsakin da uwarsu ta ƙyanƙyashe a gidan ba su da wannan matsalar, ita ke tare musu faɗa.

Irin kajin ma abin dubawa ne. Noiler da Shika Brown, wadda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, suna iya zama da kajin gida idan an bi matakan nan, sai dai waɗanda suka tashi a rufe ba su san shirwa ba, ba su san hanyar komawa akurki ba, don haka makon farko na sakinsu sai da ido. Kajin nama na gidan gona kuwa kada a haɗa su da kowa: ba sa gudu, ba sa hawa sanda, kuma cutar da kazar gida ta saba da ita tana kayar da su. Talo-talo ƙanana a raba musu wuri, domin akwai cutar hanta da kaji ke ɗauke da ita lafiya lau amma tana kashe su. Agwagi kuma suna iya ɗaukar murar tsuntsaye ba su nuna ba, ga jiƙa wurin kwana.

Zakara shi ne mai wuya. Guda ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Sabon babban zakara a gidan da akwai wani, faɗa ne har sai ɗaya ya rasa ido ko ya bar gidan, kuma zaman keji na mako guda ba ya hana wannan. Idan don gyaran iri aka sayo sabon, a fitar da tsohon a ranar da za a saki sabon, a yanka ko a sayar. Ƙwan da za a sa wa kaza ta kwanta a kai kuma a jira mako uku kafin a fara tarawa, domin kafin nan wasu na tsohon zakaran ne.